Laifin Alƙali ko na 'Yan Wasa? Abin da Ido da Ƙwaƙwalwa ke Ɓoye wa Mai Kallo

Kowane ƙarshen mako, daga watan Maris zuwa watan Satumba, da zarar an busa jiniyar tashi a filayen ƙwallon ƙasar Ostireliya, sai magoya bayan ƙungiyar da ta sha kaye su rabu gida biyu. Kashi na farko su ce alƙalan wasa ne suka yi musu fashi da rana tsaka. Kashi na biyu su ce a'a, a bar alƙalai su sarara, 'yan wasanmu ne suka zubar da damarsu da ƙafafunsu. Gardamar takan tashi tun daga bakin ƙofar fili, ta bi mutane cikin jirgin ƙasa, ta kwana a gidajen rediyo, wata ma ta haura shekara 40 ba ta mutu ba. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar kimiyya da cacar bakin 'yan kallo a wata ƙasa mai nisa? Abin da ya haɗa su shi ne, kowane ɓangare hujjarsa ɗaya ce, wato “da idona na gani”. Ido kuwa, da ƙwaƙwalwar da ke fassara abin da ya ɗauko, fagen ilimin halittu ne. Ra'ayin da zan kare a wannan maƙala shi ne, alƙalai suna yin kuskure, babu tantama, amma nauyin da mai kallo yake ɗora wa kuskurensu ya zarce nauyinsa na gaskiya, kuma dalilin haka yana cikin yadda jikin ɗan Adam yake aiki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san wasan, domin ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da muka saba gani. A birnin Melbon aka fara rubuta dokokinsa a shekarar 1859. Filin siffar ƙwai gare shi, tsawonsa daga mita 135 zuwa 185, haka shi ma ƙwallon siffar ƙwai ne, saboda haka in ya faɗi ƙasa babu mai tabbacin inda zai nufa. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 18 a cikin fili, ana bugu da ƙafa, ana cafewa da hannu, ana kuma kama abokin hamayya a kayar da shi muddin yana riƙe da ƙwallo. A kowane ƙarshen fili an kafa turaku huɗu a jere, babu raga, babu sandar sama. Idan ɗan wasa ya buga ƙwallo da ƙafa, ya wuce tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya ba tare da ya taɓa wani ɗan wasa ko turke ba, an yi babban ci, maki 6 ke nan. Idan kuwa ya wuce ta gefe, tsakanin dogon turke da gajere, ko wani ya taɓa shi a hanya, ko ya taɓa dogon turke ko da shafa ce, to ƙaramin ci ne, maki 1 kacal. A riƙe wannan doka ta shafar turke, domin a kanta labarinmu ya rataya. A babbar gasar ƙasar, wadda hukumar AFL ke gudanarwa, alƙalai 10 ne ke kula da wasa tun daga shekarar 2023: huɗu a tsakiyar fili, huɗu a bakin layi, biyu a gindin turaku.

Daren da aka yi rashin maki biyar

Ranar 19 ga Agusta, 2023, ƙungiyar Adelaide ta karɓi baƙuncin ƙungiyar Sidni a filinta. Wasa ne na a mutu ko a yi rai, domin ƙungiyoyi 8 ne ke tsallakewa zuwa zagayen ƙarshe a shekarar, kuma dukkansu biyu suna neman gurbi. Sidni ta fara da ƙarfi, har ta ba da tazarar fiye da maki 40. Adelaide ta farfaɗo, ta yi ta cike giɓin, har ya rage maki 2. Da saura minti ɗaya da 'yan sakan a tashi, wani ɗan wasanta mai suna Ben Keays ya buga ƙwallo daga kusurwa, ƙwallon ya wuce tsakanin dogayen turaku, fili ya kaure da sowa. Alƙalin turke ya ce ƙwallon ya shafi turke, ya ba da maki 1. Bai nemi a duba hoton bidiyo ba, alhali dama ce da doka ta ba shi tun shekarar 2012. 'Yan Adelaide suna can suna rungume-rungume, 'yan Sidni suka yi maza suka ci gaba da wasa, ƙofar dubawa ta rufe ke nan. Aka tashi Sidni na da maki 74, Adelaide na da 73. Washegari shugaban hukumar na lokacin, Gillon McLachlan, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa babban ci ne, alƙali ya yi kuskure, amma sakamako ba zai canza ba. Adelaide ta rasa gurbinta.

Na zaɓi wannan misali ne da gangan, saboda shi ne mafi ƙarfin hujjar masu zargin alƙali. A nan babu batun zato ko son zuciya. Kuskure ya auku, masu wasan da kansu sun amsa. Duk da haka ba a rasa magoya bayan Adelaide da suka ce wa 'yan uwansu, ku dubi allon maki tukuna. Za mu koma ga allon. Bari mu fara duba na'urar da alƙalin ya yi aiki da ita a daren, wadda ita ce dai kowane ɗan kallo ya zo da ita fili.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Masanin halittu zai amsa da cewa, haka ne, amma shi ma ganin yana da nasa raunin. A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, kuma ba ko'ina ne a jikinsa yake gani tangaran ba. Wani ɗan gurbi ne a tsakiyarsa, bari mu kira shi cibiyar gani, yake iya rarrabe ƙananan abubuwa. Faɗin abin da wannan gurbi yake ɗauka bai wuce digiri 2 ba, wato kamar faɗin farcen babban yatsanka idan ka miƙe hannu. Mai karatu ya jarraba yanzu: ka kafa ido a kan kalma ɗaya ta wannan layi, ka yi ƙoƙarin karanta kalma ta biyar a gabanta ba tare da ka motsa idon ba. Ba za ka iya ba. Abin da ke sa mu ɗauka muna ganin komai sarai shi ne, ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle daga nan zuwa can kamar sau uku a cikin kowane sakan. A lokacin da yake cikin tsallen kuwa, ƙwaƙwalwa takan danne hoton da ke shigowa, don kada duniya ta riƙa juya mana. Wannan ne ya sa in ka tsaya gaban madubi kana duban idonka na dama sannan na hagu, ba za ka taɓa ganin idanunka suna motsi ba, amma wanda ke tsaye kusa da kai zai gani.

To, sai mu yi ɗan lissafi. A ce ƙwallo yana tafiya mita 20 a sakan ɗaya, wanda gudu ne na matsakaicin bugu. Tsawon ƙwallon bai kai santimita 30 ba, saboda haka zai gifta turke a cikin ƙasa da kashi 2 cikin 100 na sakan. Ƙiftawar ido ɗaya, komai saurinta, takan ci kashi 10 cikin 100 na sakan, kuma a wannan ɗan lokaci ƙwallon ya yi tafiyar mita 2. Alƙalin turke yana tsaye ne a ƙasa, ya ɗaga kai sama, turken da yake dubawa ba ya gaza mita 6, a manyan filaye ma yakan ninka haka, ga fitilu suna haska masa ido idan wasan dare ne, ga ƙattai suna rugowa kansa. A cikin wannan hali ake so ya bambance ƙwallon da ya shafi turke da wanda ya wuce shi da faɗin yatsa biyu. Abin mamaki a wurina shi ne yawan lokutan da suke dacewa.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Idan bayani ya yanke wa ƙwaƙwalwa, ba ta barin gurbi a buɗe, sai ta cike shi da abin da take tsammani, kuma ba ta sanar da mai ita cewa ciko ta yi. A kowane ido akwai wurin da jijiyar gani take fita zuwa ƙwaƙwalwa, wurin ba shi da ƙwayoyin karɓar haske ko ɗaya. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano wannan makahon gurbi a ƙarni na 17. Ɗalibi zai iya gano nasa: ka zana alamar tarawa a hagun takarda, ka ɗiga baƙin ɗigo a dama, tazarar santimita 10, ka rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan alamar tarawa, sannan ka riƙa matso da takardar a hankali. A wani wuri ɗigon zai ɓace. Lura da abin da ya maye gurbinsa. Ba rami za ka gani ba, farar takarda za ka gani sumul, wadda ƙwaƙwalwarka ta shimfiɗa maka. A shekarar 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane ɗan gajeren fim na matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. A tsakiyar fim ɗin wani ya ratsa sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam, da yawansu ma suka yi musun an yi haka sai da aka sake nuna musu. Darasin da ke nan shi ne, jin cewa “na tabbata” shi ma ƙwaƙwalwa ce ke ƙera shi, kuma tana iya ƙera shi a kan ciko kamar yadda take ƙera shi a kan gaskiya.

Idon mai so

Duk abin da muka faɗa game da idon alƙali ya hau kan ɗan kallo, har da ƙari, domin shi yana zaune ne mita 100 ko fiye daga inda abin ya faru, kuma ya shigo fili da abin da alƙali bai shigo da shi ba, wato so. A watan Nuwamba na 1951 jami'o'i biyu na Amurka, Princeton da Dartmouth, sun yi wani wasan ƙwallon Amurka mai zafi, har aka karya wa gwarzon Princeton hanci, aka karya wa wani ɗan Dartmouth ƙafa. Masana biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban jami'o'in biyu fim ɗin wasan, fim ɗaya tak, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Ɗaliban Princeton suka ga 'yan wasan Dartmouth sun yi laifi fiye da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth suka gani a ƙungiyarsu. An buga sakamakon a 1954. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya rubuta abin da ya gani ne, so ne ya zaɓa wa cibiyar ganinsa inda za ta sauka. Tun kafin a haifi masanan nan biyu Bahaushe ya ce so hana ganin laifi.

Shan kaye kuma ba a zuci kawai yake tsayawa ba, jiki ma yana karɓar rabonsa. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994 tsakanin Birazil da Italiya, wasu masu bincike a Amurka, Paul Bernhardt da abokan aikinsa, sun ɗebi yawun wani ƙaramin rukuni na magoya baya kafin wasa da bayansa. Sinadarin testostiron ya ƙaru a jikin magoya bayan Birazil da ta yi nasara, ya ragu a jikin na Italiya, alhali babu wanda ya taɓa ƙwallo a cikinsu. A gasar 2006 kuma likitocin birnin Munik na Jamus sun lura cewa a ranakun da ƙasarsu take wasa, masu zuwa asibiti da ciwon zuciya na gaggawa sun ninka fiye da sau biyu. Ashe jikin ɗan kallo yana ɗaukar kayen ƙungiyarsa a matsayin nasa kaye. Mutumin da ke cikin wannan raɗaɗi yana neman inda zai sauke shi. Idan ya ce 'yan wasa ne, to da kansa yake, domin su ne “mu”. Idan ya ce alƙali ne, ya sauke kayan a kan bare, kuma ya tsira da imaninsa cewa ƙungiyarsa ita ce ta fi. Ɗalibai sun san wannan dabara ko ba su taɓa jin sunan Adelaide ba. Ranar da sakamako ya yi kyau sai ka ji “na ci jarrabawa”. Ranar da ya ɓaci kuwa, “malam ne ya kayar da ni”.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke alƙalai ne tas. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shekarar 2002 wasu masana a Ingila, Alan Nevill da abokan aikinsa, sun tara ƙwararrun alƙalan ƙwallon ƙafa 40, suka nuna musu bidiyon wasan Liverpool da Leicester. Wasu sun kalla da hayaniyar 'yan kallo, wasu sun kalla shiru. Waɗanda suka ji hayaniya sun hukunta masu masaukin baƙi ƙasa da waɗanda ba su ji ba da kashi 15.5 cikin 100. Wannan ba cin hanci ba ne. Idan ido yana shakka, ƙwaƙwalwa takan nemi taimakon kunne, kuma ihun mutum dubu hamsin shaida ce mai nauyi ko da ta zur ce. A Ostireliya kanta, wani bincike da Philip Mohr da Kerry Larsen suka buga a 1998 ya nuna cewa ƙungiyoyin da suka fito jiha ɗaya da alƙalan wasa sun fi samun bugun tazara idan suka haɗu da na wata jiha. Don haka mai ƙorafi a kan alƙali yana da abin kamawa.

Inda yake zamewa shi ne wajen awo. Ɗauki wasan ƙarshe na shekarar 2016 a babban filin Melbon, inda ƙungiyar Western Bulldogs ta doke Sidni da maki 89 da 67, ta ɗauki kofinta na farko tun 1954. An ba Bulldogs bugun tazara 20, aka ba Sidni 8. Har yau magoya bayan Sidni suna ambaton waɗannan lambobi biyu kamar su kaɗai sun isa hujja. Gaskiya ne hukumar ta duba wasan daga baya ta ce alƙalancin bai kai yadda ake so ba. Amma 20 da 8 su kaɗai ba su tabbatar da komai, domin babu dokar da ta ce dole ƙungiyoyi biyu su yi laifi daidai wa daida. Ƙungiyar da ke riga isa ga ƙwallo ita ake turewa, ita ake riƙewa, saboda haka ita za ta fi samun bugun tazara ko da mala'iku ne ke alƙalanci. Mai son ya san gaskiya sai ya bi hukunci 28 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ware na daidai da na kuskure, sannan ya ƙirga laifuffukan da aka yi ba a busa ba, na kowane ɓangare. Malamin da ya ba ɗalibi ɗaya maki 80, ya ba wani 30, ba a ce ya yi son kai sai an duba takardun biyu.

Komawa ga allon maki

A daren Adelaide, allon ya nuna Sidni ta yi babban ci 11 da ƙarami 8. Adelaide ta yi babba 10 da ƙarami 13. Wato Adelaide ta ci sau 23, Sidni sau 19, amma mai 19 ce ta yi nasara. Cire bugun Keays daga cikin 13 ɗin, saura 12. Ba kowane ƙaramin ci ne kuskuren mai bugu ba, domin wani lokaci mai tsaron baya ne yake taɓa ƙwallon, wani lokaci kuma kusurwar ce ta yi tsauri. Amma da ɗaya tak daga cikin 12 ɗin nan ya bi ta tsakiya, da an sami ƙarin maki 5, daidai da abin da kuskuren alƙali ya ci. Ba a ma zo kan yadda ƙungiya ta bari aka ba ta tazarar maki 40 a gidanta ba. Sannan ko da an ba da cin, Adelaide za ta shiga gaba ne da maki 4, a mayar da ƙwallo tsakiya, da sauran fiye da minti ɗaya, lokacin da ya ishi Sidni ta rama.

Me ya sa bugu ɗaya ya rufe 12 a zukatan mutane? Dalilai uku nake gani. Na farko, shi ne na ƙarshe, kuma ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ya zo a ƙarshe da abin da ya zo da tashin hankali. Maki 5 da aka rasa a minti na goma da wanda aka rasa a minti na ƙarshe duk ɗaya ne a kan allo, amma ba ɗaya ba ne a zuci. Na biyu, kuskuren alƙali yana da fuska ɗaya da lokaci ɗaya, ana iya nuna shi a talabijin sau ɗari, alhali kurakuran 'yan wasa sun warwatsu a kan mutum 18 da awa biyu. Na uku, yana da sauƙi mutum ya sawwara yadda abin zai kasance da ba a yi shi ba. Wannan cuta ce da ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi hattara da ita, wato neman sanadi ɗaya ga abin da sanadai da yawa suka haifar. Idan tsohuwar bishiya ta faɗi ranar iska, kowa zai ce iska ce ta kayar da ita. Mai nazarin tsirrai zai duba gindin ya ga gara ta shekara tana ci. Iskar gaskiya ce, garar ma gaskiya ce.

Akwai wata hujja ta masu zargin alƙali wadda nake ganin ƙimarta. Suna cewa kuskuren ɗan wasa wani ɓangare ne na wasan, shi aka zo kallo, wanda ya fi iya bugu ya ci. Kuskuren alƙali kuwa baƙo ne, ba shi aka sayi tikiti a gani ba. Wannan magana ce ta adalci, kuma na yarda da ita. Sai dai tambayar “wa ya kamata ya yi kuskure?” daban take da tambayar “me ya jawo shan kaye?”, kuma a gardamar 'yan kallo ana cakuɗa su. Idan adalci ake nema, to wurin gyara shi ne tsari. A 2023 kowane babban ci ana duba shi a ɗakin bidiyo yayin da ake mayar da ƙwallo tsakiya, amma ƙaramin ci ba a duba shi sai alƙali ya nema kafin a ci gaba da wasa. Ma'ana, an bar wa mutumin da ya riga ya tabbata alhakin cewa yana shakka. Mun kuwa ga yadda tabbaci yake samuwa a ƙwaƙwalwa. Babu ɗakin gwaje-gwajen kirki da zai bar wanda ya yi awo ya zama shi kaɗai ne mai cewa ko a sake awon. An dakatar da alƙalin daga sauran wasannin shekarar, amma a nawa ganin babban laifin na tsarin ne.

Na'urar ma ba ta kashe gardama ɗungurungum. A 2016 Eugene Caruso da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan aka rage wa hoton bidiyo gudu, masu kallo sun fi ɗaukar abin da mutum ya yi a matsayin ganganci, domin ƙwaƙwalwa tana ganin kamar ya sami lokacin tunani. Dokokin wannan wasa kuwa cike suke da hukunci a kan niyya da dama. Alƙali ne zai yanke ko wanda aka kama da ƙwallo ya sami damar rabuwa da shi tun farko, ko wanda ya fitar da ƙwallo waje da gangan ya yi. Ɗan kallo a gida yana ganin abin sau biyar, a hankali, daga kusurwa uku, sannan ya yi mamakin makantar wanda ya gan shi sau ɗaya yana cikin gudu. Wani lokaci kuma hoton ba ya raba gardamar ko kaɗan. A wasan ƙarshe na 1979, Wayne Harmes na ƙungiyar Carlton ya yi sufa ya maido da ƙwallo daga bakin layi, abokinsa ya ci, Carlton ta doke Collingwood da maki 5. Fim ɗin yana nan, an kalle shi ba adadi, amma har gobe magoya bayan Collingwood suna cewa ƙwallon ya fita, na Carlton suna cewa bai fita ba.

Wannan gardama tana da farashi. A zamanin da alƙalan Ostireliya suke sanya fararen kaya, sunan da 'yan kallo suka laƙaba musu shi ne fararen tsutsotsi, irin waɗanda ƙuda ke haifarwa a mushe. (A matsayina na malamin halittu sai in ce an zalunci ɓangarorin biyu, domin tsutsar ƙuda ma'aikaciya ce mai share ƙazanta, har likitoci na amfani da wata irinta wajen tsabtace gyambo.) Zagin da ake yi wa manyan alƙalai a talabijin shi yake gangarowa filayen unguwa, inda mai busa usur sau da yawa yaro ne ɗan sakandare. A 2022 hukumar AFL ta ce wasannin ƙananan ƙungiyoyi a faɗin ƙasar suna da giɓin alƙalai kimanin 6,000, kuma a shekarar ta tsaurara hukunci a kan ɗan wasan da ya nuna wa alƙali raini. Idan masu hazaƙa suka guje wa aikin tun suna yara, waɗanda za su rage su yi alƙalancin manyan wasanni ba za su fi na yanzu ba, sai kuskure ya ƙaru, zagi ya ƙaru.

Ga malaman da ke son ɗalibansu su ga wannan da kansu, gwajin Hastorf da Cantril ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A ɗauki bidiyon minti goma na wasan ƙwallo tsakanin gidaje biyu na makaranta, ko da wayar hannu ce. A raba wa ɗalibai takardu, kowa ya rubuta gidansu a sama, sannan ya ja layi biyu, ɗaya na laifuffukan kowace ƙungiya. A nuna bidiyon sau ɗaya, babu magana, babu leƙen takardar wani. A samo rukuni na uku daga gidan da ba ya cikin wasan, su ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. A fitar da matsakaicin kowane rukuni a rubuta a allo. In ana son ƙari, a raba rukuni na uku biyu, rabi su kalla da sauti, rabi a kashe musu sautin, a ga ko ihun 'yan kallo ya motsa alƙalumansu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a gaya wa ɗalibai abin da ake nema sai an karɓe takardun duka.